Auna furotin sCD25 a jini da sauran samfura: tambayoyi da amsoshi ga masu bincike

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga ɗaliban digiri na biyu da na uku, da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, idan aikin bincike ya kai su ga auna makarɓin IL-2 da ke yawo a jini, wato sCD25. An fara da na tushe, sannan aka shiga aikin hannu da fassara sakamako. Lambobin da aka kawo na gama-gari ne. Duk inda suka saɓa da takardar da ta zo cikin kwalin gwajinka, takardar za ka bi.

1. Mene ne CD25, kuma me ya raba shi da sCD25?

A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai rukunin da ake kira ƙwayoyin T. Idan suka ci karo da abin da ba na jiki ba, sai su farka su shiga hayayyafa. Saƙon da ke ingiza su wani ƙaramin furotin ne mai suna IL-2, wanda Doris Morgan da Francis Ruscetti da Robert Gallo suka bayyana a 1976 a Amurka. Saƙon ba ya aiki sai ya sami makarɓi a jikin ƙwayar, shi kuma makarɓin sarƙa uku gare shi: alfa, ita ce CD25, beta, CD122, sai gama, CD132. Alfa ita kaɗai ba ta iya kai saƙo cikin ƙwaya, don wutsiyarta ta ciki gajeruwa ce ƙwarai. Amfaninta ƙara ƙarfin riƙo: idan ukun suka haɗu, suna kama IL-2 kusan ninki ɗari fiye da yadda beta da gama kaɗai ke kama shi.

Ƙwayar T da ke hutawa ba ta ɗauke da CD25 mai yawa. Da zarar ta farka sai ya cika jikinta, kuma wasu enzayim su riƙa yanke ɓangarensa na waje yana faɗawa cikin jini. Wannan yankakken shi ne sCD25. Na jikin ƙwaya nauyinsa kusan kilodalton 55 ne, yankakken kuma wajen 45. Laurence Rubin da abokan aikinsa ne suka bayyana shi a 1985. A takardun bincike za ka gan shi da sunaye da yawa: sIL-2R, sIL-2Rα, sCD25, a tsofaffin takardu kuma Tac, sunan da ya samo daga antibodin (furotin na garkuwar jiki da ke kama abu guda takamaimai) da Takashi Uchiyama ya samar a ɗakin binciken Thomas Waldmann a 1981. Duk abu ɗaya ne.

2. Me ya sa ba za a auna IL-2 ɗin kansa ba a huta?

Saboda ba ya zama. IL-2 yana aiki ne a daidai wurin da aka sake shi, ƙwayoyin da ke kusa su shanye shi, ɗan abin da ya shiga jini kuma ya ɓace cikin mintuna. Sau da yawa za ka auna shi a jinin mutum ka ga bai kai iyakar da gwajin ke iya gani ba. Shi kuwa sCD25 yana daɗewa, yana da yawa ko a jinin mai lafiya, kuma yana jure ajiya. Shi ya sa ya fi sauƙin zama shaidar cewa ƙwayoyin T sun farka.

3. Idan ya hau, me yake nufi?

Yana nufin garkuwar jiki ta motsa, musamman ƙwayoyin T. Daga nan bai ƙara faɗin komai ba. Kamar ƙura ce da ka hango ta tashi a bayan gari: ka tabbata wani abu ya wuce, amma ƙurar ba za ta gaya maka ko garken shanu ne ko babbar mota ba.

Ana ganin hawansa a tarin fuka, zazzaɓin cizon sauro, cutar HIV, cutar kala-aza da ta yi katutu a gabashin Sudan, musamman jihar Gadarif, da cututtukan da garkuwa ke afka wa jiki kamar amosanin gaɓoɓi na rumatoyid, da sakoyidosis, da lokacin da jiki ke ƙin ƙodar da aka dasa masa. A wasu nau'o'in kansar jini yakan hau fiye da kima, kamar wadda ƙwayar HTLV-1 ke haddasawa. Inda ya fi samun gurbi a asibiti shi ne cutar HLH, wadda garkuwa ke kamawa da wuta ta ƙi lafawa. A ƙa'idojin HLH-2004 akwai sharuɗɗa takwas, ana neman biyar su cika, ɗaya daga ciki kuma shi ne sCD25 ya kai 2,400 U/mL ko ya wuce. Ka lura ko a nan ɗin ma ɗaya ne cikin takwas. Kafin ka ɗauki wannan lamba ka ɗora a kan naka sakamakon, karanta amsa ta 13.

4. Da wace hanya ake auna shi? Na ji ana cewa ELISA, wasu kuma na'urar CD4.

Ya danganta da abin da kake tambaya. Idan yankakken da ke cikin ruwan jini kake nema, ELISA ce hanyarka, ko na'urorin asibiti masu aiki da haske irin Immulite. Idan kuma so kake ka san waɗanne ƙwayoyi ne ke ɗauke da CD25 a jikinsu, kuma kashi nawa ne, sai fulo-saitometiri, wato irin fasahar da ake ƙirga CD4 da ita a asibitocin masu HIV. Ita tana buƙatar ƙwayoyi masu rai da jini sabo, ba ruwan jinin da ya kwana a firiza ba.

Akwai masu auna saƙon ƙwayar gado ta IL2RA, wadda ke ɗauke da umarnin ƙera CD25, da gwajin qPCR. Wannan yana nuna ko ƙwaya ta ɗauki haramar ƙera furotin ɗin, amma ba ya nuna nawa aka ƙera ko nawa aka yanke. Gwajin Western kuma ya fi kyau wajen tabbatar da girman furotin, ba wajen ba da adadi ba. Idan furotin goma ko ashirin za ka auna a ɗigo ɗaya, akwai tsarin Luminex, sai dai lambobinsa ba lallai su yi daidai da na ELISA ba. Sauran amsoshin nan a kan ELISA suke, don ita ce ta fi samuwa a ɗakunan gwaje-gwajenmu.

5. Yaya ELISA take gano furotin ɗaya a cikin dubban furotin na jini?

Da antibodi biyu, kowanne yana kama sCD25 a wani gefe daban. Faifan gwajin roba ne mai ramuka 96, layi 8 a kwance, 12 a tsaye. An riga an shafe ƙasan kowane rami da antibodi na farko. Ka zuba samfur, ka bar shi awa ɗaya ko biyu, sCD25 ya manne, ka wanke sauran tarkacen. Ka zuba antibodi na biyu wanda ke tafe da enzayim HRP, ka sake wankewa. Sai ka zuba TMB, ruwa ne garau marar launi wanda HRP ke mayarwa shuɗi. Nan za ka ga ramukan sun fara rinewa: wasu shuɗi mai haske da kyar ake gani, na manyan ma'aunai kuma shuɗi sosai. Da ka ɗiga ruwan asid na tsayarwa, nan take shuɗin ya koma rawaya. Na'urar karatu tana auna kaurin rawayar a nanomita 450.

Launi ba adadi ba ne, sai an gwada shi da abin da aka sani. Shi ya sa a kowane faifai ake jera ruwan ma'auni, wato sCD25 da kamfani ya auna, ana ta raba ƙarfinsa biyu har mataki bakwai, da rami na wofi. Daga su ake zana layin da ake karanta samfura a kansa. Eva Engvall da Peter Perlmann ne suka fito da wannan dabara a 1971 a birnin Stockholm, a shekarar da wasu masu bincike biyu a Holan su ma suka cim mata ta nasu ɓangaren.

6. Siram zan yi amfani da shi ko filasma? Sauran ruwan jiki fa?

Yawancin kwalaye suna karɓar duka biyun. Siram shi ne ruwan da ya rage bayan jini ya yi guda a kwalba mai jan murfi. Filasma kuma daga kwalbar da aka sa wa maganin hana guda yake fitowa, EDTA mai murfi shunayya ko hefarin mai koren murfi. Wanda duk ka zaɓa, ka tsaya a kansa daga mutum na farko har na ƙarshe. Kada marasa lafiya su zama siram, masu lafiya su zama filasma, don ba za ka ƙara sanin ko bambancin daga cuta yake ko daga kwalba ba.

Ana kuma auna shi a ruwan laka, ruwan da ya taru a ƙirji, fitsari, da ruwan da aka rena ƙwayoyi a ciki. Sai dai idan takardar kwalin ba ta ambaci irin samfurinka ba, kai ne za ka tabbatar gwajin na aiki a cikinsa, kamar yadda aka nuna a amsa ta 11.

7. Bayan an ɗebi jini, me ya kamata a yi, kuma cikin wane lokaci?

Na siram a bar shi kamar minti 30 ya yi guda, sannan a kaɗa shi a santirifuj na minti 15 a ƙarfin 1,000 × g. Na filasma a kaɗa shi da wuri, in da hali cikin rabin awa. A kwashe ruwan sama a hankali ba tare da bakin fifet, wato bututun zuƙar ruwa, ya taɓa farin layin da ke kwance a kan jajayen ƙwayoyi ba, don can ne ƙwayoyin da ke ɗauke da CD25 suke. A rubuta ƙarfin kaɗawa da g, ba da yawan juyi a minti ba, saboda injuna sun bambanta da girma.

Ka ɗaga kwalbar ka duba ta a haske. Idan ruwan ya yi ja ko ruwan hoda, jajayen ƙwayoyi sun fashe; idan ya yi fari kamar madara, kitse ya yi yawa. Ka rubuta haka a littafinka tun a ranar. Wanda ke ɗebo samfur daga ƙauye ya rubuta ƙarfe nawa aka ɗeba, ƙarfe nawa aka kaɗa, ko da abin ya ɗauki sa'o'i.

8. Malam, wuta ba ta tsayawa a wurinmu. Yaya zan adana samfura na wata shida ko shekara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, kuma ita ce aka fi tsallakewa a rubutun neman izinin bincike. Na kwana ɗaya ko biyu firji mai sanyin 2 zuwa 8°C ya isa. Na makonni ko 'yan watanni, −20°C. Abin da ya wuce haka, −80°C ya fi. Amma ba sanyin ne kaɗai abin dubawa ba. Abin da ke lalata furotin shi ne ya ƙanƙare, ya narke, ya sake ƙanƙarewa. sCD25 ya fi furotin da yawa juriya, amma juriya tana da iyaka, kuma babbar matsalar ita ce ba dukkan kwalabe ke narkewa daidai ba: na bakin ƙofa sun riga na can ƙurya.

Don haka tun ranar farko ka raba kowane samfur gida uku ko huɗu a ƙananan kwalabe, kowace da abin da zai ishi gwaji ɗaya. Ka guji firizar gida irin wadda ba ta tara ƙanƙara, don ita da kanta take ɗumama cikinta lokaci-lokaci. Firiza mai buɗewa ta sama ta fi riƙe sanyi, musamman idan an cike gurbin da ya rage da gorunan ruwa masu ƙanƙara. In za ka iya, ka raba kwalaben a firiza biyu a gine-gine biyu.

Akwai dabara marar tsada ta gane ko firiza ta narke a ƙarshen mako: ka ƙanƙarar da ruwa rabin kwalba, ka ɗora tsabar kuɗi a kai, ka ajiye tare da samfuran. Ranar da ka tarar da kuɗin a ƙasa, ka san abin da ya faru. Na'urar da ke rubuta sanyi dare da rana ta fi wannan, in kuɗin bincike ya kai. Alamar kwalba kuma a rubuta da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa; takardar manni ta ofis ɓarewa take yi a sanyi.

9. Wane kwalin gwaji zan saya? Na ga farashi ya bambanta ƙwarai.

Da farko ka tabbata na ɗan Adam ne idan jinin mutane za ka auna. Na ɓera daban yake, kuma ba sa maye gurbin juna. Sannan ka nemi takardar bayanin kwalin kafin ka biya, ka duba abu huɗu: iyakar ƙasa da ta sama da yake iya aunawa, irin samfuran da aka gwada shi da su, yawan saɓanin da ake samu idan an maimaita, da ko an gwada shi da furotin na ainihi daga jinin mutane, ba wanda aka ƙera a ɗakin bincike kaɗai ba. Ka kuma duba ko akwai takardun bincike da suka yi aiki da wannan lambar kaya.

A ganina, kwalin da takardarsa ba ta nuna waɗannan ba bai cancanci jinin da mutane suka ba ka ba, komai sauƙinsa. Araha ba ta ado. Ka lissafa yawan faifan da kake buƙata ka saye su lokaci guda, masu lambar rukuni ɗaya. Ranar da kaya suka iso, ka taɓa ƙanƙarar da ke cikin akwatin. In ta zama ruwa mai ɗumi, ka ɗauki hoto ka sanar da dillali kafin ka buɗe komai.

10. Faifai ɗaya samfur nawa zai ɗauka?

Ba 96 ba. Ma'aunai bakwai da ramin wofi, kowanne sau biyu, sun cinye ramuka 16. Saura 80, wato samfur 40 idan kowanne sau biyu ne. Idan ka ware samfur biyu da za ka riƙa maimaitawa a kowane faifai don ka ga ko faifan sun yi daidai da juna, saura 38. Mai mutum 150 ke nan faifai huɗu yake buƙata, sai na biyar na gwajin farko da maimaici.

Wajen jerawa, ka cakuɗa su. Idan faifan Litinin duk marasa lafiya ne, na Talata duk masu lafiya, to bambancin ranakun ya shige cikin sakamakonka, kuma babu lissafin da zai fitar da shi. Ka zana taswirar faifan a takarda kafin ka ɗauki fifet.

11. Sai na sirka samfur? Da nawa?

Sau da yawa sai an sirka, domin jinin marar lafiya na iya zarce ma'auni mafi girma. Ka fara da abin da takardar ta ce, amma ka gwada da samfura kaɗan masu tsanani: sirki 1 cikin 2, 1 cikin 4, 1 cikin 8. Bayan ka ninka kowanne da adadin sirkinsa, ya kamata amsoshin su zo kusa da juna. Misali, ka haɗa maikurolita 25 na siram da 75 na ruwan sirki, na'ura ta ba ka 600 pg/mL. Ainihin adadin 2,400 pg/mL ne. Manta wannan ninkin kuskure ne da ake yawan gani a kundin ɗalibai.

Gwaji na biyu shi ne ka ƙara wa samfur adadin da ka sani ka ga nawa zai dawo. Samfur mai 400, ka ƙara masa 500, ka sami 850: abin da ya dawo 450 ne cikin 500, kashi 90 cikin ɗari. Tsakanin 80 da 120 ana karɓa. Akwai kuma wani abin mamaki a gwaje-gwajen da ake zuba samfur da antibodi na biyu lokaci ɗaya: idan furotin ya yi mugun yawa, sai ya cike antibodin biyu daban-daban, launin ya fito kaɗan. Mara lafiyan da ka tabbata yana jin jiki amma lambarsa ta zo ƙasa, ka sirka sosai ka sake.

Layin ma'auni ba miƙaƙƙe ba ne, lanƙwasa yake yi sama da ƙasa. Ka zana shi da tsarin 4PL, wanda yawancin manhajojin na'urar karatu ke da shi. Duk samfurin da ya fita daga tsakanin ma'auni na farko da na ƙarshe, kada ka ja layi ka bi shi da hasashe.

12. Tagwayen ramukana ba sa daidaita, wani lokaci kuma duk faifan ya yi shuɗi. Ina matsalar?

Ka fara lissafa saɓanin. Ramuka biyu masu 500 da 540 saɓaninsu kusan kashi 5 ne cikin ɗari, lafiya lau. Masu 500 da 800 ya haura kashi 30, sai an sake. A faifai ɗaya ana son ya tsaya ƙasa da kashi 10, tsakanin faifai da faifai kuma ƙasa da 15. Yawanci laifin hannu ne ko fifet: kumfa a rami, bakin fifet da bai zauna ba, samfurin da ya narke ba a jujjuya shi ba, ko fifet da ta shekara ba a daidaita ta ba.

Idan har ramin wofi ya rine, wanki ne bai yi ba, ko TMB ya ga haske ko ya gurɓata. Ka duba shi kafin ka zuba: in ya riga ya yi shuɗi a kwalbarsa, ya tashi aiki. Idan kuma babu launi ko kaɗan, ko an tsallake mataki, ko wani ruwan da ka haɗa da kanka yana da sodiyam azaid, wanda ke kashe HRP.

Sai yanayi. Idan takarda ta ce a yi a zafin ɗaki, tana nufin wajen 20 zuwa 25°C, ba ɗakin Kano ko Zinder a watan Afrilu ba. Zafi yana gaggauta enzayim, manyan ma'aunai su ƙure tun lokaci bai yi ba. A lokacin hunturu kuma iska busasshiya ce, ramukan gefe suna saurin ƙafewa, ga ƙura. Ka rufe faifan da ledarsa a kowane zaman jira, kada ka ajiye shi daidai bakin na'urar sanyaya ɗaki, kuma kada ka bar ramuka a bushe tsakanin wanki da zubi. Bayan ruwan tsayarwa, ka karanta cikin rabin awa. Ka tabbata akwai wuta ko inbata kafin ka ɗiga shi.

13. Sakamakona pg/mL ne, na takardun da nake karantawa U/mL. Yaya zan mayar?

Babu lambar mayarwa guda da ta dace da kowane gwaji. Kowane kamfani da abin da ya daidaita ma'auninsa da shi, kuma antibodinsu ba wuri ɗaya suke kamawa ba. In kamfaninka ya ba da tasa lambar, ta kwalinsa ce kaɗai. Saboda haka 2,400 pg/mL na misalin amsa ta 11 ba shi ne 2,400 U/mL na amsa ta 3 ba, ko kusa. Ka ba da rahoto da ma'aunin da ka auna da shi, ka ambaci sunan kwali da lambarsa, ka kwatanta marasa lafiyarka da naka rukunin kwatancen.

14. Su wa zan ɗauka a matsayin masu lafiya don kwatance?

Nan ne bincike da yawa ke karyewa. Adadin da kamfani ya rubuta a matsayin na masu lafiya yawanci daga manya 'yan tsiraru aka samo shi, a ƙasar da aka yi kwalin. A wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare, mutum na iya yawo garau da ƙwayar cutar a jininsa, garkuwarsa kuma tana ta aiki a ɓoye. Irin wannan mutumin zai ce maka lafiyarsa ƙalau, kuma gaskiya ya faɗa, amma sCD25 ɗinsa na iya hawa. Don haka ka gwada kowa da kowa, marasa lafiya da na kwatance, aƙalla gwajin zazzaɓin cizon sauro da na HIV bisa amincewarsu, ka tambayi tari mai daɗewa da zazzaɓin kwanan nan. Ka kuma ɗebi rukunonin biyu a lokaci ɗaya na shekara. Marasa lafiyan damina da masu lafiyan rani ba abin kwatantawa ba ne.

Shekaru ma suna da tasiri: jarirai da ƙananan yara nasu ya fi na manya nesa ba kusa ba, don haka ba a auna yaro da ma'aunin babba. Ƙoda ce ke fitar da sCD25, wanda ƙodarsa ta yi rauni nasa zai taru ko garkuwarsa ba ta motsa ba. Ka auna kiriyatinin, gwajin da ke nuna yadda ƙoda ke aiki. Magungunan da ke danne garkuwa, irin su firednisolon, suna saukar da shi, a ƙasashenmu kuma mutane da yawa na shan su ba tare da takardar likita ba. Ka tambaya da sunan da suka san maganin.

Ɗaukar ɗaliban ajinku ko ma'aikatan asibiti a matsayin rukunin kwatance ya fi sauƙi, na sani. Amma idan marasa lafiyarka manoma ne 'yan shekara hamsin daga karkara, abin da za ka auna bambancin rayuwa ne. Wajen lissafi kuma, adadin sCD25 ba ya rabuwa daidai. Mutum biyu ko uku masu lamba mai tsananin yawa suna iya jan matsakaici sama. Ka ba da lambar da ta faɗo tsakiya, ko ka juya adadin zuwa logaridim kafin gwajin ƙididdiga.

15. Akwai abin da ke cikin jinin mutum da zai iya yaudarar gwajin?

Akwai. Yawancin antibodin da ke cikin kwalaye daga ɓera aka samo su. Wasu mutane suna da nasu antibodin da ke kama na dabbobi, sai su haɗa na farko da na biyu ba tare da sCD25 a tsakani ba, launi ya fito na ƙarya. Sinadarin rumatoyid da ke jinin masu amosanin gaɓoɓi shi ma yana yin haka. Alamarsa ita ce samfurin ya ƙi bin lissafin sirki na amsa ta 11. Sai kuma maganin basiliximab da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda: shi kansa antibodi ne da ke kama CD25, don haka yana iya rikita sakamako, gwargwadon wurin da antibodin kwalin ke kamawa.

16. Idan sCD25 ya hau, ashe ƙwayoyin Treg ne suka ƙaru?

A'a. Ruɗanin ya samo asali ne daga cewa a 1995 Shimon Sakaguchi na Japan ya nuna cewa ƙwayoyin T masu CD4 da CD25 su ne ke tsawata wa garkuwa kada ta afka wa jiki (su ake kira Treg), aikin da ya kai shi ga lambar Nobel ta 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell. Gaskiya ne Treg na ɗauke da CD25 mai yawa, amma duk ƙwayar T da ta farka ma tana ɗauke da shi, haka wasu ƙwayoyin B da ƙwayoyin cutar kansa. Yankakken da ke jini ba ya zuwa da sunan mai shi. Mai son ƙirga Treg sai ya koma ga fulo-saitometiri, hanya ta biyu ta amsa ta 4, ya haɗa CD4 da CD25 mai yawa da CD127 kaɗan da FoxP3.

17. Na sami wani da lambarsa ta yi sama ƙwarai. In gaya masa?

Kwalayen bincike a jikinsu an rubuta cewa na bincike ne kawai, ba na gano cuta ba, don haka lambar ba sakamakon asibiti ba ce. Amma ba a yin shiru a kan abin da ka iya zama haɗari. Ka sake gwajin da sabuwar kwalba, in ya tabbata ka sanar da likitan da ke cikin tawagar binciken, shi ya nemi mutumin ya duba shi da gwaje-gwajen asibiti. Ya kamata a ce an rubuta wannan tsari tun a takardar da kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da ita, an kuma bayyana wa mutane shi da harshen da suke ji kafin su sa hannu.

18. Ba mu da na'urar karatu. Zan iya aika samfuran wani gari ko wata ƙasa?

Za ka iya, in takardar amincewar da mutane suka sa wa hannu ta ambaci haka. A Najeriya fitar da samfur waje yana buƙatar yarjejeniyar miƙa samfur a rubuce, bisa ƙa'idar kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya. Ana aika su a ƙanƙare cikin busasshiyar ƙanƙara mai sanyin −78°C, a marufi hawa uku, da alamar UN3373 ta samfuran jiki da UN1845 ta ƙanƙarar. Akwatin kada a toshe shi ruf, don iskar da ƙanƙarar ke fitarwa na buƙatar mafita. A jikin kwalabe lamba kawai za a gani, ba suna ba. Ka aika a farkon mako don kada kaya su kwana a tasha ranar hutu, ka kuma riƙe kwalba ɗaya ta kowane mutum a firizarka, kamar yadda aka raba su a amsa ta 8.